Hotunan malaman Turai na zamanin Barok: yaya aka yi su, kuma kamanninsu ne da gaske?

Wani ɗalibin tarihi ya aiko da tambaya. Ya ce a littattafan kimiyya da falsafa yakan ga hotunan su Galileo da Descartes da Newton, baƙi da fari, fuskar tana cikin da'ira mai siffar ƙwai, ga rubutun Latin a kewaye. Tun da babu kyamara a zamaninsu, yaya aka yi waɗannan hotuna, kuma za a iya yarda cewa haka mutanen suke?

Malam, tambayarka biyu ce a haɗe, kuma ta biyun ba ta amsuwa sai an san ta farkon. Waɗannan hotuna ba a kan takarda aka fara zana su ba. A jikin farantin jan ƙarfe aka sassaƙa su, sannan aka buga a takarda kwafi bayan kwafi. Sana'ar ta girmi zamanin da kake magana a kai, amma ta kai ƙololuwarta ne a lokacin da masana fasaha ke kira Barok, wato daga wajajen 1600 zuwa 1750, musamman a Antwerp da Amsterdam da Faris, daga baya kuma Landan.

Ga yadda aikin yake. Maƙeri zai buge jan ƙarfe ya zama faranti, a goge shi har ya yi sheƙi. Masassaƙin zai ɗora shi a kan wani ɗan matashin fata da aka cika da yashi, ya ɗauki makamin aikinsa, wani siririn ƙarfe mai kaifin baki da mariƙin katako wanda ke zama daidai cikin tafin hannu. Faransawa suna kiransa burin. Ba ja yake yi kamar mai rubutu ba, turawa yake da tafin hannu, bakin ƙarfen yana huda farantin, wani siririn zaren jan ƙarfe yana nannaɗewa a gabansa. In yana son layi ya lanƙwasa, hannun da ke turawa ba ya juyawa, farantin yake juyawa da ɗaya hannun a kan matashin. In ya ƙara nauyin hannu layin ya yi zurfi da faɗi, in ya sassauta ya sirance har ya ɓace. Duk abin da kake gani a hoton, da inuwar ƙasan ido, da ƙyallin alharini, da laushin gemu, da wannan kumbura da sirancewar layi aka samar da shi. Babu launi ko ɗaya, babu ma toka-toka. Baƙin layi ne da farar takarda, idonka ne ke haɗa su. A wajen tufafi sukan gitta layi a kan layi, amma a fatar fuska ƙwararru sukan koma ga ɗige-ɗige da gajerun tsage, don kada kunci ya yi kama da raga. Babban faranti guda yakan ci watanni.

In an gama, sai a cusa tawada mai kauri cikin tsagogin, a share saman farantin da tsumma, a ƙarasa da gefen tafin hannu har ya zama tawadar ta rage a cikin ramukan kaɗai. A jiƙa takarda, a shimfiɗa ta a kai, a rufe da bargon ulu, a bi da su tsakanin manyan gungume biyu na injin matsa. Ƙarfin matsin ne ke tura takardar cikin tsagogin ta tsotso tawadar. Shi ya sa in ka sami bugu na asali ka duba shi a karkace cikin haske, za ka ga layukan sun ɗan taso, kuma gefen farantin ya bar shaida a jikin takardar kamar an danna ta. Kowane kwafi sai an sake sa tawada an sake sharewa. Jan ƙarfe kuma yana da laushi, yana cinyewa a hankali, don haka bugun farko-farko ya fi na baya kaifi nesa ba kusa ba.

Akwai wata hanya mai sauƙi a hannu. A shafe farantin da wani haɗin kaki, a yi zanen da allura, a tsoma shi a ruwan asid ya cinye wuraren da allurar ta buɗe. Wannan ita ce hanyar Rembrandt, shahararren mai zanen Holand, kuma layinta ya fi sakewa, kamar na mai zane da alƙalami. Da yawa sukan haɗa biyun a faranti guda. Abraham Bosse ya wallafa littafi a Faris a 1645 yana bayyana dabarun dalla-dalla, har da yadda ake haɗa injin.

Wani abu da ya kamata ka riƙe: abin da ke dama a faranti yana fitowa hagu a takarda. Masassaƙin da ya damu yakan duba zanen ta madubi yana aiki. Wanda bai damu ba, ko mai kwafar aikin wani cikin gaggawa, sai ya bar hoton ya fito a juye. In ka ga malami riƙe da alƙalami a hannun hagu, kada ka yi saurin cewa bahago ne.

To, batun gaskiyar kamanni. Ni a wurina hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗauki hoton kamar ruwaya, ka nemi isnadinta. Fuskar ta bi ta hannu nawa kafin ta iso gare ka, kuma na farkon ya ga mutumin da idonsa? Abin farin ciki shi ne masu sana'ar sun saba rubuta wannan a ƙasan hoton da ƙananan haruffa. Sunan da ke biye da pinxit shi ne wanda ya yi zanen fenti na asali. Delineavit shi ne wanda ya zana a takarda. Sculpsit shi ne wanda ya sassaƙa farantin, excudit kuma wanda ya buga ya sayar. Kalmomin da suka fi kowanne daraja su ne ad vivum, ma'ana an zana ne mutumin yana zaune a gaban mai zane. In ka ga aetatis da lamba, shekarun mutumin ne a lokacin. Abin da ke ɓata mini rai da hotunan intanet shi ne yawancinsu an yanke wannan ƙasan an bar fuskar kaɗai, alhali a nan ne duk hujjar take.

Mu ɗauki mutanen da ka ambata. Galileo ya yi sa'a. Littafinsa kan tabon da ke jikin rana, wanda ya fito a Rum a 1613, yana ɗauke da hotonsa na Francesco Villamena, da wasu ƙananan yara masu fukafukai a sama, ɗaya da madubin hangen nesa, ɗaya da kamfas ɗin awo. A 1624 kuma Ottavio Leoni, wanda ya shahara da zana mutanen Rum ido da ido, ya fitar da nasa. Duka biyun Galileo yana raye aka yi su, kuma wanda ya san shi zai iya ƙaryata su in da sun kauce.

Labarin Descartes ya fi daɗin bibiya, domin muna da ra'ayinsa shi kansa. Frans van Schooten, malamin lissafi a Leiden kuma makusancinsa, ya zana shi ya sassaƙa a 1644, ya rubuta ad vivum a ƙasa. A wata wasiƙa ta 1649 Descartes ya ce hoton ya yi kyau, amma gemun da tufafin ba su yi kama da nasa ba. Ya nuna ba ya son a sa shi a littafi, in kuma dole ne, to a cire laƙabin sarauta da aka liƙa masa da ranar haihuwarsa, domin ba ya son laƙabi kuma ba ya son ba masu duban taurari abin yin lissafi. Hoton bai shiga littafinsa ba sai a bugun 1659, shekara 9 bayan mutuwarsa. Amma fuskar da duniya ta fi sani, mai dogon gashi da nauyin fatar ido, ta fito ne daga zanen Frans Hals, wadda Jonas Suyderhoef ya mayar a faranti, wasu kuma suka yi ta kwafa daga nan. Van Schooten ba gwanin zane ba ne, amma ya san Descartes shekara da shekaru. Hals gwani ne na gaske. In ka jera su biyun za ka ga hanci ɗaya ne da gira ɗaya, kuma wannan daidaituwar ta hannu biyu da ba su kwafi juna ba ita ce ke ba ni natsuwa.

Newton kuwa ya zauna wa masu zane sau da yawa. Godfrey Kneller ya zana shi a 1689 da gashin kansa, ya sake zana shi a 1702 da hular gashi irin ta manya. Bugu na uku na babban littafinsa Principia, na 1726, ya fito da hoton da George Vertue ya sassaƙa daga zanen John Vanderbank. A lokacin Ingila ta rungumi wata sabuwar dabara da Ludwig von Siegen ya ƙirƙiro a 1642: a fara karce farantin gaba ɗaya har ya zama in an buga zai fito baƙi ƙirin, sannan a riƙa goge wuraren da ake son haske. Ana kiranta mezotinto. Ba ta da layi, inuwa ce ke narkewa cikin haske, kuma ta fi dacewa da kwaikwayon fenti. Sai dai farantinta yana saurin mutuwa.

Yanzu ka kwatanta da Blaise Pascal, masanin lissafi da falsafa na Faransa. Ya mutu a 1662, aka ɗauki siffar fuskarsa a kwaɓin farar ƙasa bayan ya cika, daga baya François Quesnel ya yi zane, Gérard Edelinck ya sassaƙa daga zanen. Hoto ne mai kyau ƙwarai, amma Edelinck bai zana shi daga zama ido da ido ba, kuma rayayyen kallon da ke idanun na masu zane ne. Haka hoton Jan Cornelis Sylvius da Rembrandt ya yi a 1646, mai wa'azin da ya rasu tun 1638. Rembrandt ya san shi, ɗan'uwan matarsa ne ta wajen aure, kuma ya taɓa zana shi yana raye. A wannan na biyun ya sa shi ya leƙo daga cikin da'irar, hannunsa a miƙe kamar yana tsakiyar bayani, inuwar yatsunsa da ta fuskarsa suna faɗuwa a kan firam ɗin da rubutun yake. Duk lokacin da na tsaya a kan wannan inuwar ta yatsu nakan ga abin da Barok yake nema: mai kallo ya ji kamar malamin bai gama maganarsa ba.

Wanda na fi girmamawa a wannan sana'a shi ne Robert Nanteuil, ɗan Reims, wanda ya koma Faris a wajajen 1647 ya rasu a 1678. Dalilina shi ne ya gajarta isnadin. Yawancin hotunansa, waɗanda sun haura 200, shi ya zaunar da mutumin, shi ya zana shi da alli mai launi, shi ya sassaƙa. An ruwaito cewa yakan riƙa jan mutum da hira yana zane, don fuskar ta saki. Kusan ba ya sa komai a hoton: da'ira, tambarin gida a ƙasa, baƙar riga, farar kwala, sai fuska. Ka duba hotonsa na Gilles Ménage, masanin harshe, na 1652, ko na marubuci Jean Loret na 1658, za ka ga mutum ne da ake iya gane shi a kasuwa. A zamaninsa ne, a 1660, Sarki Louis na 14 ya fitar da doka a Saint-Jean-de-Luz wadda ta ware sassaƙar faranti daga sana'o'in hannu da ƙungiyoyi ke iko da su, ta sa ta cikin fasahohi masu 'yanci. Wani ɓangare na cinikin Nanteuil daga ɗalibai yake zuwa: mai kare kundinsa a jami'a yakan buga babbar takardar sanarwa, jigogin muhawarar a ƙasa, hoton babban mutumin da ya sadaukar wa aikin a sama.

Bari in ɗan ratse saboda Claude Mellan, domin ba a maganar burin a tsallake shi. Ya daina gitta layuka kusan gaba ɗaya, yana samar da inuwa da kaurin layi kaɗai. A 1649 ya sassaƙa fuskar Annabi Isa kamar yadda Kiristoci ke suranta ta, da layi ɗaya tak wanda ya faro daga kan hanci yana zagayawa har gefen farantin. Shi ne kuma ya sassaƙa wa masana biyu, Peiresc da Gassendi, hotunan wata kamar yadda ake ganinsa ta madubin hangen nesa, a wajajen 1636, ya kuma yi hotunan su biyun.

Me ya sa malamai suka damu da wannan? Malaman Turai na lokacin da wasiƙa suka san juna. Mutum a Leiden zai shekara ashirin yana musayar takardu da wani a Rum ba su taɓa haɗuwa ba. Zanen fenti guda ɗaya ne, yana rataye a gida ɗaya, amma bugun faranti ana iya naɗe shi cikin wasiƙa, a manna shi a farkon littafi, a rataye shi a ɗakin karatu. Jami'o'i ma sun gane amfaninsa. A 1625 Johannes Meursius ya fitar da littafi kan Leiden da hotunan malamanta, ciki har da Thomas Erpenius, wanda nahawunsa na Larabci na 1613 Turawa suka daɗe suna koyo da shi. Anthony van Dyck ya shirya jerin hotunan sarakuna da malamai da masu zane, ya fara wasu kawunan da hannunsa, su Paulus Pontius da Lucas Vorsterman suka yi mafi yawa, kuma bugun Antwerp na 1645, bayan mutuwarsa, ya kai hoto 100. Anna Maria van Schurman ta Utrecht, wadda ta karanci Ibrananci da Larabci kuma take sauraron lacca a jami'a daga bayan labule, ba ta jira kowa ba, ta yi hoton kanta a faranti a 1633.

Saboda haka hoton yana da aiki biyu: ya nuna fuska, ya kuma sanar da matsayi. Kayan da ke kewaye da malamin harshe ne da kowa ya iya a lokacin. Littafi a rufe da yatsa a tsakiya na nufin ka katse shi yana karatu. Ƙwallon taswirar duniya ko kamfas na masu lissafi da taurari ne, ƙoƙon kai na likita ne ko tunatarwar mutuwa, agogon yashi na ƙurewar lokaci. Labule da ginshiƙi aro ne daga hotunan sarakuna. A ƙasa kuma akan sa 'yan baitocin Latin da wani aboki ya rubuta, kuma kusan kullum abu ɗaya suke faɗa: mai zane ya kama fuskar, amma hankalin sai a littattafansa. Kada ka ɗauki ɗakin da ke bayan malamin a matsayin ɗakinsa na gaske. Sau da yawa shagon masassaƙin ne ya ƙaga shi.

Akwai kuma na jabu ƙarara. Jan ƙarfe yana da tsada, kuma ana iya buge wuri daga baya a goge a sake sassaƙawa. Pierre Lombart yana da wani faranti na mahayin doki, wanda aka kwafa daga zanen van Dyck na Sarki Charles na 1 na Ingila, da aka riƙa sauya masa kai: an buga shi da kan Cromwell, wanda ya mulki Ingila bayan Charles, an buga shi ba kai, an buga shi da kan Charles. In an yi wa masu mulki haka, malamin ƙaramar jami'a ba zai tsira ba. Manyan kundaye kamar na Paul Freher, wanda ya fito a Nuremberg a 1688 da fuskoki 16 a shafi guda, sama da dubu gaba ɗaya, kwafin kwafi ne. Suna da amfani wajen sanin waɗanda ake ɗauka manyan malamai a lokacin, amma ba zan rantse da hancin kowa a ciki ba. Malaman da suka rayu ƙarnuka kafin nan kuwa, irin su Ibn Sina da Aristotle da kake gani cikin irin wannan salo, ƙirƙira ce zalla.

'Yan Afirka ma sun shiga wannan jeri, kuma ma'aunin ɗaya ne. Abba Gorgoryos, malamin coci daga Habasha, ya haɗu da Bajamushe Hiob Ludolf a Rum a 1649, ya je Gotha a Jamus a 1652, kuma daga bakinsa Ludolf ya sami mafi yawan abin da ya rubuta kan harsuna da tarihin Habasha. Ya rasu a haɗarin jirgin ruwa a 1658, hotonsa kuma na Elias Christoph Heiss ya fito a littafin Ludolf na 1691, fiye da shekara 30 bayan haka. Na fi ɗaukarsa a matsayin girmamawar ɗalibi ga malaminsa.

Na Ayuba Sulaiman Diallo ya fi ƙarfi. Bafulatani ne daga Bundu, a Senegal ta yau, ɗan gidan malamai, aka kama shi a gaɓar kogin Gambiya aka sayar da shi bawa zuwa Maryland a Amurka. Wasiƙar da ya rubuta wa mahaifinsa da Larabci ce ta zama sanadin kai shi Landan a 1733, inda ya rubuta Alƙur'ani da ka, ya kuma taimaka wa Hans Sloane, likita mai tara kayan tarihi, wajen karanta rubuce-rubucen Larabci. A shekarar William Hoare ya zana shi yana zaune a gabansa. Thomas Bluett, wanda ya rubuta labarinsa a 1734, ya ce Ayuba ya nemi a zana shi da kayan ƙasarsu, kuma da yake kayan ba sa nan, sai ya kwatanta su da baki. Aka yi shi da farar riga da rawani, Alƙur'ani mai jan bango rataye a wuyansa. Wato fuskar daga ido take, tufafin daga kwatance, kuma shi ya zaɓi alamar iliminsa da kansa. Daga wannan zanen aka sassaƙa hoton da ya fito a wata mujallar Landan a 1750, lokacin ya daɗe da komawa gida. In ka jera bugun da zanen Hoare za ka ga masassaƙin ya ɗan taurara fuskar, abin da ke faruwa kusan duk lokacin da aka sauya hannu.

In wani bugu ya zo hannunka, ko ka sami cikakken hotonsa a shafin wani gidan tarihi, fara da ƙasan: wa ya zana, wa ya sassaƙa, akwai ad vivum, kuma shekarar ta faɗa cikin rayuwar mutumin? Sannan ka duba shaidar gefen faranti, ka ɗaga takardar ga haske. Takardar wancan zamani daga tsumma ake yin ta da hannu, kuma za ka ga siraran layuka a jere cikin jikinta, wani lokaci da tambarin masana'anta. Za ka tarar da yawa an datse gefensu har zuwa bakin da'irar. Wannan ya yawaita ne bayan 1769, lokacin da James Granger ya wallafa tarihin mutanen Ingila wanda ya jera hotunansu, masu tarawa suka shiga yanke hotuna daga tsofaffin littattafai suna mannawa a nasu kwafin. Irin wannan datsattsen bugu sai an nemo wani cikakke daga faranti ɗaya kafin a san wanda ya yi shi da shekarar da aka yi.